Wa Zai Yi Mana Jere a Hawa na Goma?

Kwanakin baya aka gayyace mu walimar tarewa a wani dogon bene da ke Cantonments, a nan Ankara. Mai gidan ɗan zango ne gaba da baya. A Nima aka yanke masa cibiya, a can ya yi karatun allo, ya yi wa mahaifiyarsa tallan koko da ƙosai kafin ya wuce makarantar boko, sannan Allah ya buɗa masa ta hanyar halal har ya mallaki fulat mai ɗakin kwana uku a hawa na goma. Mun yi masa murna a ranar, muna kuma yi har gobe. Duk wanda ya san kwanan mutum takwas a ɗaki ɗaya, ya san layin banɗakin haya da asuba, ba zai ga ɗan'uwansa ya hau sama ya ji wani abu ba sai farin ciki.

Amma abin da idonmu ya gani a gidan nan ya hana mu yin shiru.

Tun daga bakin ƙofa aka fara. Mu mutane ne masu tuɓe takalmi, ga shi ba a tanadi ko taku ɗaya na ajiye shi ba, sai takalma suka taru a hanyar da ake tarayya da maƙwabta, har wani Bature da ke ƙofar gaba ya leƙo sau biyu. Ana buɗe ƙofa sai falo, babu shamaki, babu labule. Falon kuma haɗe yake da kicin, irin yayin da ake yi yanzu, saboda haka malaman da aka ɗauko don addu'a suka zauna suna fuskantar uwargida da ƙannenta suna suya. Malamai kai a sunkuye, mata a takure, kowa na jin nauyin kowa. Kujeru farare ƙal, manya kamar kwale-kwale, sun cinye filin, a tsakiyarsu ga teburin gilashi wanda ƙarti biyu ba sa iya ɗagawa. Dattawa suka nemi inda za su miƙe ƙafa a ƙasa, babu. Da magariba ta yi sai kallo ya koma banɗaki. An ɗora wani kwanon wanke hannu na alfarma bisa marmara, tsayinsa ya kai ƙugu, ga dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya yana fama ya ɗaga ƙafa ya kai ta can, tayil kuwa santsi kamar an shafa masa kuɓewa. Muka tambayi buta. Aka ce akwai, amma tana cikin kabad, domin wanda ya ƙawata gidan ya ce tana ɓata kyan wurin. Ɗan filin da ya rage na yin sahu kuwa, da aka duba alƙibla, ƙofar banɗakin baƙi yake kallo.

Hajiya, mahaifiyar mai gida, ta ɗosana a gefen kujera kamar mai jiran likita. Ko isha ba a yi ba ta ce a mai da ita Nima.

Kuɗin da aka biya mai ƙawata gidan nan, haɗe da na kayan da ya sa aka yi oda, sun isa a gina gida sukutum a Kasoa. Da muka sauko, abokan tafiyarmu suka yi ta ɗora masa laifi, wai bai san aikinsa ba. Mu kam ba mu bi su ba. Mutumin ya san aikinsa sarai, kuma abin da aka ɗauke shi ya yi shi ya yi. An nuna masa hoto a waya an ce ga irin abin da ake so, ya fitar da shi babu ragi. Laifin yana kan hanyar da aka bi aka zaɓe shi, hanyar nan kuwa ba ta mutum ɗaya ba ce. Haka kusan dukkanmu muke yi in Allah ya kai mu East Legon, ko Airport Residential, ko Labone, ko Nhyiaeso a Kumasi. Muna buɗe Instagram mu ga wanda hotunansa suka fi ƙyalli. Muna tambayar wa ya yi wa Alhaji wane nasa. Muna jin daɗi in an ce mana gwanin yana zuwa Dubai sau uku a shekara, ko kujerunsa daga Turkiyya suke zuwa, har ya kan manta cewa Ankarar da muke ciki ta bakin teku ce, ba waccan ta Turkawa ba. Sai mu zauna da shi awa guda a ofis mai sanyi, mu yi maganar launi da fitilu, mu tashi ba mu faɗa masa abu ɗaya ba game da yadda muke kwana da yadda muke tashi.

Ku dubi abin mamaki. Ɗan zangon da ba a cutarsa da sidi ɗaya a cinikin shanu ko na canji, wanda zai kwana yana ja-in-ja da jami'in kwastan a Tema, shi ne yake zama bebe a gaban yaro mai kwamfuta. Ba ya iya cewa a gidana da hannu ake cin tuwo, a ƙasa, a kwano ɗaya. Ba ya iya cewa a wata guda sai na sauke baƙi biyar daga Tamale ko Bawku ko Kano, wani ya yi mako, wani ya yi wata yana jiran biza. Ba ya iya cewa matata ba ta son baƙo namiji ya gan ta ba lulluɓi. Abin da ya ɗaure masa harshe kunya ce, kuma kunyar nan tana da tarihi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasa, guguwar ta kwashi mutanen zango masu yawa, har da waɗanda a nan aka haife su. Waɗanda suka rage sun koyi rage murya. Har yau akwai bakunan da kalmar zango take fita daga cikinsu da sigar zagi, kuma duk mun san matasan da ke rubuta sunan wata unguwa a takardar neman aiki don kada a ga Nima ko Mamobi. Yaron da ya tashi cikin wannan, ranar da ya samu, gidan da yake mafarki shi ne wanda baƙo zai shiga ya fita bai gane daga ina mai shi ya fito ba. Wato yana biyan dala don a share sawunsa. Mun fahimci ciwon, amma ba za mu ce maganin daidai ne ba, tunda ga shi ya kori uwarsa daga gidansa ba tare da ya buɗe baki ba.

Abin takaicin shi ne abin da muke ɓoyewa ba abin kunya ba ne. Kakanninmu da suka biyo hanyar goro zuwa Gwanja, suka cika Salaga, sannan suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Ankara bayan yaƙin Salaga na 1892, da gida suka kafa kansu a ƙasar nan. Mai gida a zango shi ne mai masauki, shi ne dillali, shi ne mai tsaya wa baƙo, kuma tsarin gidansa ne ya ba shi ikon yin haka. Akwai zaure, inda baƙo ke tsayawa ya yi sallama, inda ake ciniki da karatu da sulhu. Akwai ɗakin baƙi a kusa da shi. Sannan akwai cikin gida, inda mata ke sakewa, wanda ba a shiga sai da izini, kuma an karkata ƙofofin ta yadda na waje ba ya hango na ciki. Da wannan tsari mutum ɗaya yake iya sauke fatake ashirin iyalinsa ba su takura ba. Sabon Zango da Malam Bako ya kafa a farkon ƙarni na 20 ya isa misali, har wata manazarciya Ba'amurkiya, Deborah Pellow, ta wallafa littafi guda a 2002 a kan yadda gidajen unguwar da mazaunansu suke tsare. Baƙuwa ta tsallako teku ta zo koyon abin da jikokin masu shi ke biyan kuɗi a kankare musu.

Ita kanta sana'ar nan ta gyara ɗaki ba baƙuwarmu ba ce. Muna da 'yan jere tun kafin a haifi kakan Instagram. Kafin a kai amarya, gwaggwanni da ƙannen uwa da yayye su ne ke riga ta zuwa ɗaki. Wanda ya taɓa kallonsu suna aiki ya san ba zuba kaya kawai suke yi ba. Sai sun tsaya a bakin ƙofa sun duba abin da mai shigowa zai fara gani, su kawar da gado daga saitin ido, su san inda labule zai sauka, inda za a shimfiɗa tabarma in ƙawaye sun zo, inda tasoshi da kwanuka za su hau su yi sheƙi ba tare da sun tare hanya ba. Suna faɗa da juna a kan taku ɗaya. Ƙarfinsu kuwa guda ne: sun san yarinyar, sun san gidan da ta fito, sun san irin baƙin da za ta yi. Ba mu ce a ɗauko gwaggo a ba ta aikin wayar lantarki da famfo a hawa na goma ba. Aikin zamani yana buƙatar wanda ya karanta shi, ya san ma'auni, ya san haske da iska, ya iya zane. Abin da muke cewa shi ne duk wanda za mu ɗauka, mu auna shi da ma'aunin 'yan jere, wato ko yana son ya san mu kafin ya taɓa bango.

Ko sunan da muka ba sana'ar ya nuna inda muka ɓace. Mai ƙawata gida muke cewa, kamar dai ado ne gaba ɗayan aikin. Alhali ado shi ne na ƙarshe, kuma shi ne mafi sauƙin sauyawa. Labulen da bai yi ba, gobe a cire shi. Bangon da aka rushe tsakanin kicin da falo, da famfon da aka binne a inda bai dace ba, waɗannan sai an fasa dukiya kafin a gyara.

Mun san amsoshin da za a ba mu, domin mun sha jin su.

Za a ce fulat ba gidan ƙasa ba ne, ina za a sami filin zaure a hawa na goma? Ai zaure aiki ne yake yi, kuma aikin ba ya buƙatar soro da azara. Taku uku a bayan ƙofa, da shamaki na katako mai ƙananan ramuka wanda iska ke ratsawa ido ba ya ratsawa, da benci na zama a tuɓe takalmi da ma'ajiyarsa a ƙarƙashi, sun wadatar. Kicin kuma a yi masa ƙofa mai zamewa, in ana so a buɗe, in malamai sun zo a rufe. Wanda ya taɓa soya kifi da manja, ko ya kaɗa miyar kuka da daddawa a kicin marar ƙofa, ya san kwana nawa labule da kujeru ke riƙe labarin. An ƙirƙiro buɗaɗɗen kicin ne don wani irin girki da wani irin zama, namu dabam. Wurin alwala kuwa famfo ne ɗaya a ƙasa-ƙasa, da ɗan dakali na zama, da tayil mai kaushi, da magudana mai kyau. In gwanin da ke karɓar dubban daloli ya ce wannan ya gagare shi, to ba gwani ba ne.

Za a ce mutanen Dubai da Istanbul ai Musulmi ne, ga shi su muke koyi da su. A nan ne ma abin dariyar yake. Balaraben Dubai a gidansa yana da majalisi na baƙi wanda aka ware daga sashen iyali, sau da yawa da ƙofarsa dabam, kuma ba ya shiga banɗakin da babu abin tsarki da ruwa. Baturke yana tuɓe takalmi a bakin ƙofa, yana da kabad ɗinsa a nan. Ko Japanawa, da ba ruwansu da addininmu, sun ware wa takalmi gurbi a mashigar gida, komai ƙanƙantar fulat ɗin a Tokyo, kuma ba wanda ya ce musu ƙauyawa. Abin da ake kwaso mana daga Dubai hoton otal ne, wurin da aka yi don wanda zai kwana uku ya wuce. Su masu ƙasar ba a cikinsa suke zaune ba.

Amsar da ta fi nauyi ita ce ta kuɗi, kuma ba za mu raina ta ba. Za a ce fulat a Cantonments jari ne, wata rana za a ba ma'aikacin ofishin jakadanci haya ko a sayar, saboda haka kada a yi masa abin da zai kori mai saye. To, wanda ya saya don haya, ya ƙawata don haya, ba da shi muke ba. Muna magana ne da wanda zai sa iyalinsa a ciki. Shi ma in ya lura, babu ɗaya cikin abubuwan da muka lissafa da ke rage wa gida daraja. Wane ɗan haya ne zai ƙi gida don yana da ma'ajiyar takalmi, ko don kicin ɗinsa yana da ƙofa? Amma a ce mutum ya shekara goma yana zaune a takure, uwarsa ba ta kwana, baƙinsa suna otal, duk don jin daɗin wani Bature da bai zo ba tukuna, wannan lissafi ne da ba mu gane ba.

Sai dai kada a ɗauka muna kira ne a cika bango da ƙwarya. Akwai wata cutar a ɗaya gefen, kuma ta fara yaɗuwa. Mai ƙawata gida ya ji an ce mai gida Bahaushe ne, sai ya je kasuwar 'yan yawon buɗe ido ya kwaso faifai da kwandunan Bolgatanga ya manna a bango, ya sa a zana dagi a silin, ya ajiye tumtum biyu a kusurwar da ba mai zama, ya ce ya yi salon gargajiya. Ƙofa na nan tana buɗewa cikin falo, buta na nan a ɓoye. Wannan ya fi na farko ciwo, domin ya mai da mu kayan kallo a cikin gidanmu. Faifai na rufe kwano ne, tumtum na kishingiɗa ne. In za a sa su, a sa su inda za su yi aiki.

Haka kuma kada a ɗauka muna cewa dole sai ɗan zango ko Musulmi. Mun ga ɗanmu na cikinmu, mai sunan Annabi, wanda ya fi kowa gudun buta, domin kunyar da ke damun mai gida ita ke damunsa. Mun kuma ga wata baiwar Allah Kirista, 'yar ƙabilar Ewe, da ta zo duba wani gida, tambayarta ta farko ita ce ina gabas take a nan, ta biyu kuma mutum nawa ke cin abinci a gidan ran sallah. Ta fito da waya ta auna, ta ga alƙiblar Ankara gabas ce da ta karkata arewa, ta yi alama a zanenta tun kafin a yi maganar launin fenti. Irinta muke nema, ko daga wace ƙabila ta fito.

Masu ƙasar da muke zaune tare da su ba sa jin wannan kunyar, ya kamata mu lura. Duk mai wucewa ta gadar Tetteh Quarshie yana ganin dogayen benayen Villaggio, waɗanda aka yi wa launukan jikinsu ado da salon saƙar kente. Gidaje ne na masu hannu da shuni, kuma ba wanda ya ce kente ya rage musu tsada. Tambarin adinkra yana jikin bankuna da otal-otal. Mu ma ba mu rasa abin tinƙaho ba. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, har yau masana gini suna zuwa kallon bakunansa. Falke Barmu, maginin ƙauye a jihar Tawa ta Nijar, ya sami lambar Aga Khan a 1986 saboda masallacin Yama da ya gina da ƙasa. A zamaninmu kuma Mariam Issoufou da abokan aikinta sun gina rukunin gidajen Niamey 2000, gidajen birni na zamani da tubalin ƙasa, waɗanda aka tsara su da lura da sirrin iyali da zafin gari. Duniya tana girmama wanda ya san inda ya fito ya kuma iya fassara shi da kayan yau. Mu ne kawai muke ganin sai mun goge kanmu za a karɓe mu.

Yanzu bari mu sauko kan kuɗi da kaya, domin a nan ma ana yi mana yankan ƙauna muna godiya. Ankara gari ne mai laima, iskar teku tana ɗauke da gishiri, damina tana zuwa sau biyu a shekara, sannan hunturu ya biyo da ƙurarsa daga Disamba. Katakon garin itace da aka matse aka lulluɓe da leda mai sheƙi, wanda ake cika kwantena da shi, in laima ta shige shi kumbura yake yi ya ɓare. Ƙarfe mai ruwan gwal na bogi yana yin tsatsa. Farar kujerar yadi kuwa, tsakanin ƙurar hunturu da hannun yara, ba ta ganin sallah biyu. Gidan da aka rufe tagoginsa da labule mai nauyi aka dogara da na'urar sanyi kaɗai, wanda ya ga dumso na 2015 ya san abin da yake zama in wuta ta ɗauke, janareta kuma ya ƙi tashi. Alhali ga odum da mahogani a ƙasar nan, ga kafintoci a Kumasi da Ankara da za su yi ƙofa da kabad da jika zai gada, ga masaƙan Daboya, ga dukawa a zangunanmu. Me ya sa gwanin ba ya son su? Sau da yawa amsar la'ada ce. In ya yi odar kaya daga waje, ko ya kai ka wani kanti, yana da kasonsa a ciki wanda ba ka gani, kuma gwargwadon tsadar kayan gwargwadon kason. La'ada ba haramun ba ce, jikokin dillalai ne mu, mun san ta. Amma dillalin kirki yana faɗin la'adarsa a gaban mai saye da mai sayarwa. A tambaye shi ƙarara: jinga ce, ko kaso ne daga kuɗin kaya, ko duka biyun? A rubuta. A rubuta da wane kuɗi za a biya, domin wanda ya yi yarjejeniya da dala a farkon 2022, lokacin da take wajen sidi 6, kafin Nuwamba ya ga ta ninka har da ɗoriya, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba. Mutane da yawa sun tsaya da gida rabi a gyare a shekarar nan. Kuma kada a ba da kafin alƙalami mai yawa a kan zanen kwamfuta. Zanen kwamfuta ba ya kumbura, ba ya tsatsa, shi ya sa kullum yake da kyau.

Akwai kuma abin da ya wuce asarar kuɗi. Mai ƙawata gida ba injiniya ba ne. In ya ce a rushe bango don falo ya ƙara faɗi, a tambaye shi wane injiniya ne ya duba ya sa hannu, kuma ko hukumar benen ta yarda a rubuce. Ankara tana kan yankin da ƙasa ke motsi, girgizar 1939 ta rushe gidaje ta kashe mutane, kuma ƙananan girgiza ba su daina ziyartarmu ba. A bene mai hawa goma sha biyar, bangon da ka taɓa ba naka ba ne kai kaɗai, akwai rayuka a samanka da ƙarƙashinka.

To, ta yaya za a gane na kirki? Mu dai ga abin da muka gani yana aiki. Kada a fara ganawa da shi a ofishinsa, kada kuma a fara a sabon fulat ɗin da babu kowa. A gayyace shi gidan da aka fito, can Nima ko Sabon Zango ko Aboabo, ran Juma'a bayan an sauko ko ranar suna, a ba shi tabarma ya zauna ya ga yadda ake shiga da fita, inda maza ke tsayawa, inda mata ke taruwa, yawan tukwanen da ke kan wuta, girman buhun shinkafa da jarkar mai da za su nemi sito. In ya ji ƙyamar zuwa, an huta, ya ba da amsa tun ba a biya shi ba. In ya zo, a saurari tambayoyinsa fiye da bayanansa. Sannan a nemi ya kai ku gidan da ya gama aƙalla damina biyu da suka wuce, a buɗe kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke a shinshina, a ja aljihun tebur a ga ko yana fita, a keɓe da mai aikin gidan a tambaye ta abin da ke ba ta wahala, domin ita ta san gaskiyar da mai gida zai ji nauyin faɗa. A tambayi sunan kafintansa da mai famfonsa, a je a ga shagonsu.

Wajibi ne kuma uwargida ta zauna a kowace ganawa, da bakinta, ba da saƙo ba. Wannan kuskure namu ne na maza, mu amsa shi. Alhaji ne ke zuwa ofis ya zaɓi marmara, shi da ke fita da safe ya dawo da dare, ita kuwa da za ta wuni a ciki sai ranar tarewa take ganin kicin ɗinta. In akwai tsohuwa da ake fatan ta zauna, a kawo ta ta ga ɗakin tun yana kango, a tambaye ta tsayin gadon da gwiwarta ke iya hawa, da inda take son shimfiɗa buzunta, da ko tana son taga mai kallon titi don ta riƙa ganin mutane. Tsohuwar da ta shekara sittin tana jin sallamar maƙwabta ta katanga, shirun hawa na goma kaɗai ya ishe ta jarrabawa, balle a haɗa mata da banɗakin da take tsoron shiga.

Mun sake haɗuwa da mai gidan nan a wata jana'iza a Mamobi. Ya ja mu gefe ya ce ya samo mai famfo zai fasa marmarar banɗaki ɗaya ya sa famfon alwala, kafinta kuma ya zo ya auna ƙofar kicin. Wanda ya ƙawata gidan ya ce in aka taɓa, kada a ƙara danganta aikin da sunansa. Hukumar benen ta ce a rubuto takarda, za ta duba a zamanta na gaba. Hajiya tana Nima, ɗakinta na hawa na goma a kulle, katifar ko ledarta ba a cire ba.